Ba Kowace Shanyewa Ce Shan Inna Ba

Ran 25 ga watan Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, bayan an shekara huɗu ba a sake jin ɗuriyarta ba tun ɓullarta a Jihar Borno cikin 2016. Wannan nasara ce babba, musamman idan muka tuna cewa a 1988, lokacin da duniya ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar, tana shanye yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125, muka kuma tuna irin tirka-tirkar da aka sha a nan Arewa sa'ad da aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 har zuwa tsakiyar 2004. An yi murna, murnar kuwa ta dace. Sai dai har yau, in mutum ya zaga unguwanni da ƙauyuka, yakan tarar da gidan da ake fama da yaron da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, in ya tambaya kuwa amsa ɗaya zai ji: shan inna ne. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, sunan nan guda da muke lulluɓe cututtuka dabam-dabam da shi yana cutar da yara da iyayensu, kuma alhakin warware wannan ruɗani ya rataya a wuyanmu, mu ɗalibai da matasan ma'aikata da aka ilmantar da kuɗin talakawa.

Kafin mu ce ga inda abu ya lalace, dole mu san yadda yake aiki yana lafiya. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, jijiya ce, haka kuma farin zaren da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Wannan ta ukun, wadda za mu kira jijiyar saƙo, ita ce maganarmu. Kakanninmu ba su kasa gano muhimmancinta ba, domin in sun ga mutum ya yi laƙwas sai su ce ba shi da laka. Laka kuwa ita ce farar igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, kuma daga gare ta ne jijiyoyin da ke motsa hannu da ƙafa suke fita.

Idan mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafarsa, umurni yakan taso daga ƙwaƙwalwa ya sauko cikin laka, inda wata ƙwayar halitta ta musamman ke jiransa. Ita wannan ƙwaya jikinta yana zaune cikin laka, amma tana da siririn zare guda da ya miƙe har ya kai ga tsoka. Wanda ke zuwa tafin ƙafar babban mutum yakan kai tsawon mita ɗaya. Sai mu ce ƙwaƙwalwa sarki ce, ƙwayar nan ta cikin laka hakimi, tsoka kuwa manomin da zai riƙe fartanya. Sarki ba ya magana da manomi baki da baki, sai ta hannun hakimi.

To, da me saƙon ke tafiya? Tun cikin 1791 wani likitan Italiya, Luigi Galvani, ya bayyana cewa lantarki yana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta yi motsi. A 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar kimanin mita 30 ne a daƙiƙa, wato ya yi nesa ƙwarai da gudun wutar da ke bin waya. Sai a 1952 wasu malamai biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka warware sirrin, da suka yi aiki da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku da ake kira sikwid, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 1963. Abin da suka gano shi ne, zaren jijiya kamar bututu yake, da ruwan gishiri a ciki da waje. A waje sinadarin sodiyam, irin na gishirin miya, ya fi yawa. A ciki kuwa fotashiyam, irin wanda ke cikin tokar itace da ayaba, shi ya fi yawa. Tsakanin ciki da waje akwai ɗan bambancin ƙarfin lantarki, kimanin kashi 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya, alhali batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Da saƙo ya zo, sai waɗansu ƙananan ƙofofi a jikin bututun su buɗe, sodiyam ya kwarara ciki. Nan take su rufe, waɗansu su buɗe, fotashiyam ya fita, wurin ya koma yadda yake. Duk wannan cikin kimanin kashi ɗaya daga 1,000 na daƙiƙa. Buɗewar ƙofofin wuri guda ita ke sa na gaba su buɗe, kamar yadda wutar daji ke bin busasshiyar ciyawa, kowane ƙwaure yana kunna na kusa da shi, har ta kai ƙarshen fage ba tare da ta rage ƙarfi ba. Manyan jijiyoyi kuma an naɗe su da wani farin kitse, da 'yan giɓi nan da can, sai saƙon ya riƙa tsalle daga giɓi zuwa giɓi, har gudunsa ya kai mita 120 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 400 a awa.

Wani abin mamaki shi ne, bakin jijiya bai taɓa tsoka ba. Akwai ɗan siririn rata tsakaninsu, kamar ɗan aike ya iso bakin kogi ya tarar ba gada, dole ya miƙa takarda ga mai fito. Mai fiton nan wani sinadari ne da ake kira asetilkolin. Jijiya ta fesa shi, ya ƙetare, ya sauka a wuraren da aka tanada a jikin tsoka, sai tsoka ta takure, ƙafa ta ɗagu. Otto Loewi ne ya fara nuna cewa jijiya da sinadari take magana, a 1921, da zukatan kwaɗi biyu, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1936 da Henry Dale. A wannan mashigi ne dafin waɗansu macizai ke toshe hanya har numfashi ya tsaya, a nan ne kuma fiya-fiyar da muke kashe sauro da ita take yi wa wanda ya sha ta illa, domin tana hana a share asetilkolin bayan ya gama aikinsa. Abu na ƙarshe da ya kamata mu riƙe shi ne, tsokar da saƙo ya daina zuwa mata takan motse ta rame, kamar gonar da aka daina nomawa.

Da wannan bayani za mu gane cewa hanyar tana iya yankewa a wurare dabam-dabam, ko da yake a ido sakamakon ya yi kama. Shan inna na ainihi ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. A cikin kimanin yara 200 da ta kama, ɗaya take kai wa ga laka ta kashe masa hakiman nan, ya shanye har abada. Alamarta ita ce gaggawa: yaro yana gudu lafiya lau, ya yi zazzaɓi, cikin 'yan kwanaki ƙafa ta saki, galibi ɗaya ta fi ɗaya, daga nan kuma abin ya tsaya inda ya tsaya. Mutanen da suka ga ƙafa ta tsotse sai suka ce Inna ce ta sha ta. Sunan ya siffanta abin da ido ya gani, amma bai faɗi dalili ba.

Ta biyu ita ce cutar motsewar tsoka ta laka, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SMA. Guido Werdnig da Johann Hoffmann ne suka siffanta ta a farkon shekarun 1890, a 1995 kuma Judith Melki da abokan aikinta a Faransa suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta. A nan ma hakiman cikin laka ne ke mutuwa, amma ba wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje. Jiki ne ya kasa yin wani sinadarin da suke rayuwa da shi. Ana samunta a kimanin ɗaya cikin haihuwa 10,000. Nau'inta mafi tsanani yana bayyana kafin jariri ya cika wata shida: jiki ya yi laɓo-laɓo, wuya ba ya tsayawa, ƙafafu su baje kamar na kwaɗo, kuka ba ƙarfi, shan mama da wahala, numfashi da ciki, amma idanu tar, yana bin uwarsa da kallo yana murmushi. Irin waɗannan jarirai ba sa kaiwa ga zama, kuma in ba magani yawancinsu ba sa cika shekara biyu. Akwai nau'o'i masu sauƙi, inda yaro ke zama amma ba ya tafiya, ko ya yi tafiya sannan daga baya ta gagare shi. Hankalinsu da basirarsu kuwa lafiya ƙalau.

Ta uku ita ce cutar Duchenne, wadda aka sa wa sunan likitan Faransa Guillaume Duchenne da ya yi nazarinta a shekarun 1860. A nan sarki lafiya, hakimi lafiya, saƙo yana isa. Manomin ne ya kasa. Tsoka tana buƙatar wani sinadari mai suna distirofin da ke riƙe bangon zarurukanta kada su yage yayin aiki, wanda Louis Kunkel da mutanensa a Amurka suka gano a 1987, shekara guda bayan an gano ƙwayar gadonsa. Yaron da ba shi da shi, kowane motsi yana ɗan yaga tsokarsa, har kitse da tabo su maye gurbinta. Kusan maza kaɗai take kamawa, kimanin ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Tana fara bayyana tsakanin shekara uku da biyar: yawan faɗuwa, tafiya da rangaji ko a kan yatsu, kasa hawan matakala, da sha-raɓa ƙato wanda iyaye kan ɗauka alamar ƙarfi ce. In ya tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, ya dafa cinyoyinsa, yana hawa jikinsa kamar mai hawan dabino. William Gowers na Ingila ya siffanta wannan alama tun 1879. Yawanci wajen shekara goma sha biyu tafiya take gagara, daga baya hannuwa da tsokar numfashi da ta zuciya su bi sahu. A Nijeriya ana haifar jarirai wajen miliyan 7 kowace shekara. Idan rabinsu maza ne, muka kuma ɗauki ɗaya cikin 5,000, to, yara wajen 700 ke nan a shekara. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, kuma suna cikin gidajenmu.

Wani zai ce, in dai yaro ya shanye, mene ne amfanin sanin sunan abin da ya shanye shi? Amfanin yana da yawa. Na farko, rashin suna yana cinye dukiya. Iyayen da ba a gaya wa gaskiya ba sukan bi masu magani daga gari zuwa gari, a yi turare, a yi tsaga, a yi sakiya, a sayar da akuya, a jinginar da gona, yaro kuwa yana ƙara rauni kowace shekara. Na biyu, rashin suna yana raba zumunci, domin inda ba a san dalili ba sai a nemo wanda za a zarga: kishiya, ko tsohuwar maƙwabciya da za a ce mayya ce, ko ita uwar da kanta. Na uku, yana jawo wa yaron azaba. Yaro mai cutar Duchenne da ke faɗuwa a fagen wasa ko ya kasa tashi da sauri a aji yakan sha duka da sunan lalaci ko sangarta, alhali tilasta masa aikin ƙarfi ƙara lalata tsokarsa yake yi. Na huɗu, taimakon da ya dace da wannan bai dace da wancan ba. Keken guragu mai tuƙin hannu da muka saba gani a titunanmu an yi shi ne domin wanda shan inna ya bar wa ƙarfin damtse. Wanda hannuwansa ma suke sakewa kujerar da za a tura shi yake buƙata.

Batun gado kuwa yana bukatar a bi shi da hankali, domin rabin sani yana iya zama makamin zalunci. Jama'armu sun riga sun fahimci yadda sikila take: uba yana ɗauke da rabi, uwa tana ɗauke da rabi, dukansu lafiya lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Fahimtar ta kai har Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. To, haka SMA take, sak. Daga ɓangarorin biyu take zuwa, saboda haka mijin da ya saki matarsa don ta haifa masa shanyayyun jarirai ya manta rabin abin a jikinsa yake. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da rabi iri ɗaya su haɗu. Ba mu ce a daina shi ba, amma zuriyar da aka taɓa ganin irin wannan a cikinta ta cancanci shawarar likita kafin a sake ƙulla wani. Cutar Duchenne kuwa ta wajen uwa take bi: macen da ke ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Duk da haka kimanin ɗaya cikin uku na masu cutar ba su gaje ta daga kowa ba, sabon kuskure ne ya auku a ƙwayar gadon. Wadda take ɗauke da ita ma ba ita ta zaɓa ba, kamar yadda ba wanda ya zaɓi tsawonsa ko launin fatarsa. Imani da ƙaddara bai hana neman sanin sababi ba, ya dai hana ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba.

Mun san hujjar da za a kawo mana, kuma ba ƙarama ba ce. Za a ce zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da tamowa suna kashe yara dubbai, asibitocin karkara ba ma'aikata, ga shi kuma magungunan waɗannan cututtuka tsadarsu ta wuce hankali. Gaskiya ne. Maganin SMA na farko, Spinraza, wanda aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2016, a lokacin da ya fito kuɗinsa na shekarar farko dala 750,000 ne. Zolgensma, wanda ya fito a 2019, a lokacin allura ɗaya dala miliyan 2.1 ce, a 2020 kuma Evrysdi, na sha, ya biyo baya. Duk cikinsu an fi samun amfani idan an fara tun kafin alamu su bayyana, domin hakimin da ya mutu cikin laka ba ya dawowa, shi ya sa Amurka ta sa SMA cikin cututtukan da ake ba da shawarar gwada jarirai a kansu tun 2018. Ba za mu yaudari kowa mu ce baitulmalin jiha zai ɗauki wannan gobe ba. Amma wanda bai iya sayen doki ba, ba a hana shi jaki ba. Gwajin jini na sinadarin CK, wanda kan hauhawa ninkin-ba-ninkin a jikin mai cutar Duchenne, ana yinsa a asibitocin koyarwa. Maganin firedinisolon, wanda ke cikin kantunanmu da araha, yakan ƙara wa yaro shekara biyu zuwa uku yana tafiya, muddin likita ne ya tsara shi yana kuma lura da illolinsa. Miƙar da gaɓoɓi kullum a hannun masu gashin ƙashi tana hana su ƙagewa. Maganin ciwon ƙirji da wuri, da duba zuciya, da na'urar taimakon numfashi, su ne suka sa a ƙasashen da ake kula da su waɗanda a da ke rasuwa kafin shekara ashirin yanzu da yawa suke kaiwa talatin.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Yaƙin shan inna ya bar mana gado mai daraja: jami'an sa-ido a kowace ƙaramar hukuma, da masu kai rahoto cikin unguwanni, da tsarin ɗaukar bayan gida sau biyu daga duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ya shanye farat ɗaya, a aika ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri. Ma'aikatan da suka ƙware a wannan aiki suna cikin waɗanda suka taimaka aka shawo kan Ebola a Legas a 2014. Dole rigakafi ya ci gaba, domin asalin ƙwayar tana nan a Pakistan da Afghanistan, kuma wani nau'inta da ya rikiɗe yakan ɓulla inda aka yi sakaci. Amma tsarin an gina shi ne don kama ƙwayar cuta, yaron da ke raunana a hankali cikin shekaru ba ya cikin lissafinsa. A koya wa waɗannan ma'aikata, da ungozomomi da malaman firamare, alamun nan kaɗan da muka zana, a ba su takardar tura yaro asibitin da ya dace, a kuma buɗe rajista domin mu san yawansu.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu shiga ofis, akwai doka a hannunku. A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigansu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Duk wanda fayil ɗin ginin aji ko ɗakin shan magani ya biyo ta teburinsa, ya duba ko an sa gangaren da kujera za ta hau kafin ya sa hannu. Yaron da ƙafarsa ta kasa, kansa bai kasa ba, kuma matakala uku bai kamata su raba shi da allo ba.

Mu ɗalibai namu aikin ya fi kusa. Masu karatun likita da kimiyya su haɗa kai da na sashen Hausa a daidaita kalmomin da za a yi wa talaka bayani da su, a rubuta 'yan ƙasidu, a nemi fili a gidajen rediyo, ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa kuma su sa wannan cikin ayyukan hutu. Ilmin da ya tsaya a harshen Ingilishi, cikin littafin da ke kan kanta, bai isa ga uwar da ke goye da yaron ba. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu da aka danƙa wa fitila, bai kamata mu zauna da ita a ɗaki ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, mu kuma Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.